Ranar da Injiniya Kashim Ya Danna Y

A ofishin ƙungiyar masu lodin shanu da ke bakin kara a Potiskum akwai kwamfuta guda ɗaya, aikinta kuma ɗaya ne: fitar da takardar lodi. Duk tirelar da za ta ɗauki shanu zuwa kudu sai an buga mata wannan takarda mai lamba, da sunan mai dabbobi, da adadinsu, da garin da za a sauke su. A da da biro ake rubutawa, sai 'yan damfara suka yi ta kwaikwayo har masu shingen hanya suka daina karɓar rubutun hannu. Direban da ya fita ba takardar kwamfuta, tun kafin ya kai Bauchi za a fara tambayarsa a rugar wa ya kwaso shanun.

Wata ƙungiyar agaji ce ta ba su kwamfutar shekara huɗu da suka wuce, haɗe da firinta da batirin sola, aka ɗora mata manhajar Linux tunda shi ba ya neman lasisi. Wadda ta haɗa komai ita ce Meram Kyari, 'yar asalin Borno, wadda ta yi shekara bakwai a Maiduguri tana kula da kwamfutocin waccan ƙungiya. Ita ta koya wa Malam Basiru, magatakardan ofishin, yadda ake cika takardar. Da masu agajin suka naɗe kayansu suka tafi, sai kwamiti ya zauna ya gano cewa bai dace mace ta riƙa ratsa kara tsakanin maza da bijimai ba. Aka yi mata godiya mai tsawo. Sati biyu bayan nan aka naɗa Kashim, ɗan 'yar'uwar mataimakin shugaba, a matsayin mai kula da sashen fasaha. Meram ta koma shagonta a unguwar Bolewa tana sayar da turaren wuta da humra.

Kashim ya haura talatin, kuma ba ya amsawa in ba a ce masa Injiniya ba. Kwas na wata uku ya yi a Damaturu, ya sa aka lulluɓe satifiket ɗin da leda ya rataye shi daidai saman firinta. Yana yawo da igiya a wuya mai ɗauke da filas guda biyar na ajiyar bayanai, da tabarau wanda ba na magani ba. Shekara uku yana wannan aiki kwamfutar ba ta taɓa lalacewa ba, domin bai taɓa yi mata komai ba sai goge fuskarta da hankici.

Ranar wata Talata da yamma, bayan Malam Basiru ya tashi, Kashim ya yanke shawarar cewa duniya na bukatar iliminsa. Zai fara sakin bidiyo a waya yana koyar da fasaha, kuma yana son manhajar gyara bidiyo. Ya samu wani shafi a intanet, ya kwafo layi uku ya zuba wa kwamfutar. Ta ƙi, ta rubuto masa magana mai tsawo da Turanci. Bai karanta ba. Ya koma wani shafin ya kwafo wasu layukan. Wannan karon ta rubuto abin da ya cika fuskarta gaba ɗaya, a can ƙasa ta tambaye shi ko ya yarda, Y ko N. Ya danna Y.

Rubutu ya fara zuba yana gudu. Kashim ya ɗaga waya yana ɗauka, yana cewa, "Jama'a, kun ga yadda ake yi wa sistem wanka. Wannan ba aikin yara ba ne." Da ya ga abin ya ƙi ƙarewa kuma ana kiran magariba, sai ya danne makunnin ya kashe ta, ya kulle ofis.

Washegari Laraba, ranar kasuwa, ana tsakiyar zafin bazara. Malam Basiru ya kunna kwamfuta ƙarfe takwas. Ba hoton saniyar da ya saba gani, ba akwatin da yake dannawa ya buɗe takardar lodi. Baƙin allo ne kawai, da ɗan farin rubutu a kusurwa, da wata 'yar sanda tana ƙiftawa. Ya cire hula ya mayar. A waje an riga an fara ɗora wa tirela ta uku shanu.

Kashim ya iso tara da rabi. Ya dubi allon, ya gyara tabarau, ya ce, "Waye ya taɓa sistem?"

"Ni na kunna," in ji Malam Basiru. "Yadda nake kunnawa kullum."

"To ka ga irinta. Kun saka mata bairos."

Ya kashe ya kunna. Ya sake kashewa ya kunna. Ya zare linzamin kwamfutar ya hura masa iska ya mayar. Ya sa aka kawo sukundireba ya buɗe cikinta, ya leƙa da fitilar waya kamar mai duba haƙorin bijimi, ya rufe, ƙusa biyu suka yi saura a hannunsa ya zuba su a aljihu. Zuwa sha ɗaya bairos ɗin ya zama zafin gari. Zuwa sha biyu ya zama hakas, masu kutse daga ƙasar waje.

A lokacin ne Alhaji Joda, shugaban ƙungiyar, ya shigo. Bafulatani ne da ya zauna a gari shekara talatin amma bai ajiye malfa da sanda ba, Hausarsa kuma har yanzu ba ta damu da bambanta mace da namiji ba. Bayansa akwai mataimakinsa Alhaji Mu'az, kawun Kashim, yana fifita da takarda.

"Injiniya, me ya sami na'urar?"

"Alhaji, hari ne. An kawo mana hari ta intanet."

"Su wa?"

"Ba a iya sani. Wataƙila Rasha."

Alhaji Joda ya jingina da sandarsa. "Rasha yana son shanun Potiskum?"

"Bayanai suke so, Alhaji. Yanzu bayanai sun fi shanu tsada."

"Kai ne ba ka je kara yau ba."

Kashim ya ce mafita ɗaya ce, a yi mata fomatin, a goge komai a sake daga farko. Malam Basiru ya miƙe tsaye, abin da ba a saba gani ba. Ya ce a ciki akwai sunan kowane dillali da lambar kowace mota ta shekara huɗu, kuma in aka goge, ita manhajar takardar lodin a ina za a samo ta? Kashim ya ce wannan tambaya ce ta wanda bai san fasaha ba.

Ƙofa ta buɗe da ƙarfi. Shehu ne, direban tirela daga Fika, rigarsa ta jiƙe sharkaf.

"Tun hantsi motata na cike! Saniya ɗaya ta durƙushe, sauran suna taka ta. Mota goma sha ɗaya ne a layi. In dabbar nan ta mutu wa zan ce ya kashe ta?"

"Rasha," in ji Malam Basiru, a hankali.

Alhaji Joda ya juya ga magatakardan. "Yarinyar nan da ya haɗa mana na'urar, yana ina?"

"Meram? Tana Bolewa, Alhaji."

Alhaji Mu'az ya daina fifita. "Haba Alhaji. Kwamiti ya riga ya yanke hukunci a kan wannan. Ga Injiniya yana kan aiki. Me mutane za su ce in aka ga mai turare a ofishinmu?"

"Shanuna nawa ne a layin?" Alhaji Joda ya tambayi Shehu.

"Mota biyu naka ne."

"Basiru, hau keke ka ɗauko shi."

Malam Basiru ya tarar da Meram tana auna wa wata mata turare a kwalba. Mace ce mai shekara arba'in da ɗoriya, ba ta da gaggawa a komai. Ta saurare shi har ya gama, ta rufe kwalbar, ta sallami matar, sannan ta ce, "Malam, ba ku ce kara ba wurin mata ba ne?"

"Ya Meram, ai ofis za ki, ba kara ba."

"Ofishin ya tashi daga inda na bar shi?"

"Bai tashi ba." Ya sunkuyar da kai. "Don Allah. Akwai saniyar da ke ƙasa ana taka ta."

Ta ɗauki mayafinta da wayarta. "Don saniyar zan je."

Da suka shiga, ɗakin ya cika da dillalai da direbobi, kowa na ba da shawara. Wani ya ce a sa mata ƙanƙara. Ƙamshin humra ya ratsa warin gumi, aka buɗa mata hanya. Ta gaida Alhaji Joda, ta gaida Alhaji Mu'az wanda ya amsa yana kallon silin. Kashim na kan kujera bai motsa ba.

"Injiniya," ta ce, "ara mini kujerar."

Ya tashi. Ta zauna ta dubi allon.

"Ba ta mutu ba. Tana tambayar suna da lambar sirri ne. Mece ce lambar?"

"Wannan sirrin aiki ne," in ji Kashim. "Ba a faɗa a bainar jama'a."

Malam Basiru ya ɗaga kibod ya juya shi. A ƙasa an manna takarda da salatif, an rubuta injiniya123 da jan biro. Wani direba ya karanta da ƙarfi don amfanin na baya.

Meram ta sa lambar ta shiga. Ta buga gajeren layi, rubutu ya fito, ta sa yatsa tana bi a hankali. Ta daɗe tana karantawa har Shehu ya kasa haƙuri.

"Hajiya, ba za ki gyara ba ne?"

"Ina tambayar ta abin da ya same ta ne. Duk abin da aka saka mata ko aka cire, tana rubutawa da rana da lokaci." Ta tsayar da yatsa. "Jiya, ƙarfe shida saura kwata na yamma. Wa ke ofis?"

Malam Basiru ya ce shi biyar ya tashi, kuma makulli biyu ne kawai.

"Hakas na iya canza lokaci," in ji Kashim.

"Suna iyawa. Waɗannan hakas ɗin manhajar gyara bidiyo suka zo nema."

Alhaji Joda ya jawo benci ya zauna kusa da ita. "Yi min bayani da Hausa."

"Alhaji, abin da ke cikin na'urar nan ƙunshi-ƙunshi ne, sun fi dubu, kuma kowanne yana jingine da wani. Mai buga takarda ba ya aiki sai da wani ƙaramin ƙunshi, shi ma wannan sai da wani. Duk daga rumbu ɗaya ake ɗebo su, an auna sun dace da juna. Jiya an nuna mata wani rumbu na daban, na sabon tsarin da ba irin nata ba, aka ce ta ɗauko mai gyara bidiyo. Shi kuma ya ce ba zai zauna ba sai an sauya masa ƙunshi uku da sababbi. Na gida suka ce su da tsofaffin suka saba. Sai ta rubuta cewa in dole sai baƙon nan ya shigo, to za ta kori ɗari biyu da goma sha huɗu. Ta jera sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Da mai nuna hoto a allo, da mai magana da firinta, duk suna ciki. Ta ce, ka yarda?"

"Sai aka ce masa me?"

"Aka ce mata e."

Duk ɗakin ya juya ga Kashim. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Ai kullum Y ake dannawa," ya ce. "Ko a Damaturu haka aka koya mana."

"Kuma tana tsakiyar aikin aka kashe ta," in ji Meram. "Ba ta gama korar na gida ba, ba ta gama shigo da baƙon ba."

"Shi baƙon ya shigo dai?" Alhaji Joda ya tambaya.

"Bai shigo ba."

Shehu ya yi wata dariya marar daɗi ya fita duba saniyar.

Meram ta ce tana bukatar intanet, datar wayarta ba za ta isa ba. Aka dubi juna. Malam Basiru ya tuna wa jama'a cewa ƙungiya na saka wa sashen fasaha data duk wata. Kashim ya miƙa wayarsa kamar ana zare masa haƙori.

Ta goge adireshin baƙon rumbun, ta sa kwamfutar ta sabunta jerin abin da ta sani, ta umarce ta ta ƙarasa abin da aka katse mata jiya. Sannan ta ce ta gyara abin da ya karye. Rubutu ya gudana kaɗan ya tsaya. Kwamfutar ta ƙi. Meram ta sake gwadawa, ta sake ƙi da magana iri ɗaya.

Kashim ya farfaɗo. "Na faɗa muku! Na ce hari ne. Wannan ya wuce a zo a karanta rubutu. Kawu, ka gani ko?"

"Mun gani," in ji Alhaji Mu'az, ya ci gaba da fifita da ƙarfi. "Alhaji, tun farko na ce a bar wa masu abu abinsu."

Gumi ya tsattsafo wa Meram a goshi. Ta san cewa in ta tashi daga kujerar nan ba takarda, labarin da za a yi shekara ana bayarwa a kara shi ne na mai turaren da ta zo ta ƙarasa kashe kwamfuta. Ta koma kan saƙon ta karanta shi kalma-kalma. Wani ƙunshi ne ke neman lamba ta biyu ta abokinsa, kwamfutar kuma ta nace sai ta uku za ta kawo. To daga ina take ganin ta uku, bayan an goge rumbun? Ta tambaye ta. Kwamfutar ta nuna mata wani adireshi da ba ta gani ba, a ɓoye cikin wani fayil daban.

"Injiniya, shafi nawa ka kwafo jiya?"

Ya shiga gyara igiyar wuyansa.

"Nawa?"

"Biyu. Na farkon bai yi ba."

"Na biyun ma bai yi ba."

Ta goge wannan adireshin. Ta mayar da ƙunshi ukun nan zuwa tsofaffin lambobinsu, ɗaya bayan ɗaya, domin na biyun ya ƙi komawa sai da na ukun ya riga shi. Sannan ta kwaso sunayen duk waɗanda aka kora daga rubutun jiya ta ce a dawo da su. Kwamfutar ta jero abin da za ta yi, ta tambaya Y ko N. Meram ta karanta tun daga sama har ƙasa, dillalai goma sha biyar na numfashi a bayanta.

"Za ta saka ɗari da tamanin da shida. Ba za ta cire ko ɗaya ba." Ta danna.

Netwok ɗin kara a ranar kasuwa sai a hankali. Aka yi azahar aka dawo ana saura kashi talatin. Ƙarfe uku saura ta kashe ta kunna, hoton saniya ya fito. Malam Basiru ya karɓi kujerarsa, ya cika takardar Shehu, firinta ta yi tari ta turo ta. Saniyar ba ta mutu ba, amma sai da aka sauke ta, mai ita ya sayar wa mahauta a nan take yana zagin fasaha da duk wanda ya ƙirƙiro ta.

Da mota ta ƙarshe ta tashi, Alhaji Mu'az ya ce ba za a watse ba sai ya yi jawabi. Ya gode wa Allah, ya gode wa shugaba, ya gode wa Injiniya Kashim wanda ya tsaya tun safe bai ci ba bai sha ba yana jagorantar aikin ceto, har ya sadaukar da datarsa. A ƙarshe ya gode wa baiwar Allah da ta taimaka da danne-danne. Aka yi tafi. Da yamma Kashim ya saki bidiyo mai taken yadda ya fatattaki hakas, inda ake ganin allon da gefen mayafin Meram.

Ita kuwa kafin ta tashi ta yi wani ɗan aiki da ba wanda ya lura. Ta cire wa sunan Kashim ikon saka ko cire komai, ta sa sabuwar lambar sirri, ta rubuta a takarda ta miƙa wa Alhaji Joda.

"Ni ban iya boko ba," ya ce.

"Ba sai ka iya ba, Baffa. Haruffa takwas ne, za ka gane su da ido. Duk ranar da ta nemi izini, kai za ka ba ta. Amma kafin ka danna, a karanta maka abin da ta ce, a fassara, Malam Basiru yana saurare."

Ya ninke takardar ya tura cikin malfarsa. Ya ce kwamiti zai zauna ya duba maganar dawo da ita. Kwamitin ya zauna sau biyu, ya ɗage maganar sau biyu.

Bayan sati uku kwamfutar ta nemi a sabunta wasu abubuwa. Aka aika kiran Alhaji Joda daga cikin kara, ya zo da kashin shanu a takalmi ya zauna.

"Karanta, Injiniya."

Kashim ya fara. Layi tara ne, ya ɗauki kusan minti ashirin. Malam Basiru, wanda ya koyar da Turanci a firamare shekara goma sha biyu kafin ya zo nan, ya gyara masa sau shida, cikin ladabi, a gaban masu jiran takarda.

"Wa zai kora?" in ji Alhaji Joda.

"Ba kowa, Alhaji."

"Basiru?"

"Ba kowa."

Alhaji Joda ya cire malfa ya kife ta a kan kibod don kada a gani, ya zura yatsa ɗaya ƙarƙashi yana laluben haruffa.

Sau biyu aka yi haka. A na uku Kashim ya kawo takardar ajiye aiki, ya rubuta cewa yanayin wurin ba ya ba ƙwararru damar nuna basirarsu. Kawunsa ya yi masa hanya a wata makarantar kuɗi a Ngojin da ta buɗe sabon ɗakin kwamfuta. Malam Basiru ne ya kai wa Meram labarin, ranar da ya je saya wa matarsa turare.

"Kwamfuta nawa ne a ɗakin?" ta tambaya tana ɗaure leda.

"An ce arba'in."

Ta yaga gefen kwali ta rubuta lambar wayarta ta miƙa masa.

"Ka kai wa hedimasta. Ka ce masa ba na zuwa ranar Juma'a."